Ciwon Suga: Tazarar Da Ke Tsakanin Saiwa Da Magani

Farar ƙwayar nan ta metformin, wadda likita kan fara rubuta wa mai ciwon suga a Kano ko Damagaram ko Kumasi, jikar wata ciyawa ce. Masana tsirrai na kiran ciyawar Galega officinalis. Tana fitowa a Turai da yammacin Asiya, kuma shekaru aru-aru masu maganin gargajiyar can suna dafa ta su ba wanda ƙishirwa da yawan fitsari suka addaba. Ba su yi kuskure ba, domin akwai abin da ke sauke sukarin jini a cikinta. Sai dai tana da dafi. Tumaki kan mutu idan suka ci ta da yawa, har Amurka ta sa ta cikin jerin ciyayin da aka hana yaɗawa.

A 1918 aka tabbatar cewa sinadarin guanidine, wanda danginsa ke cikin ciyawar, yana rage suga a jinin dabbobi. Magungunan farko da aka haɗa da shi cikin shekarun 1920 sun taɓa hanta da ƙoda, aka watsar da su. Shi kansa metformin wasu masana biyu ne, Emil Werner da James Bell, suka haɗa shi a Dublin a 1922, amma ya zo daidai lokacin da insulin ya bayyana, kusan ba wanda ya waiwaye shi. Sai a 1957 wani likita a Paris, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon suga, ya auna, ya rubuta abin da ya gani. Ɗan uwansa phenformin ya fi shi ƙarfi, ya kuma riga shi karɓuwa, amma ya riƙa kashe mutane ta hanyar tara tsami a jini, aka janye shi daga kasuwar Amurka a 1977. Wannan tsoron ya sa Amurka ba ta amince da metformin ba sai ƙarshen 1994. A 1998 wani dogon bincike da aka yi a Birtaniya ya nuna cewa masu ƙiba da ke shan sa sun fi tsira daga bugun zuciya da mutuwa. Shekara tamanin ke nan daga gano sirrin ciyawar zuwa tabbatar da cewa maganin da ya fito daga gare ta yana tsawaita rai.

Duk wanda ke son yin magana ta gaskiya a kan maganin suga na itatuwa ya kamata ya riƙe wannan tarihin gaba ɗayansa. Masu tallar jiƙo suna son rabin farko, inda ciyawa ta haifi magani. Wasu likitoci kuma ba sa son a tuna musu da shi sam. Amma darajar ciyawar da haɗarinta a wuri guda suke, kuma abin da ya raba su shi ne awo: wane sinadari, nawa za a sha, wa zai sha, me zai faru da ƙodarsa bayan shekara biyar.

A ƙasar Hausa kuwa kasuwar ta cika ta batse. Akwai mai mota da lasifika a bakin tasha, akwai mai baza kolin saiwoyi ranar kasuwa, akwai shagunan da ake kira Islamic chemist, ga shirye-shiryen rediyo da aka saya, ga kuma sababbin shiga da ke tallar garin magani a Facebook da TikTok. Kayan da ake ambata sanannu ne: zogale, shuwaka, garafuni, hulba, habbatus sauda, kirfa, ganyen darbejiya, sassaƙen maɗaci da na marke, ganyen gwaba, ruwan kuɓewa da aka jiƙa ya kwana. Mafi yawansu masu ɗaci ne, domin an ginu a kan cewa ɗaci ke kashe zaƙi. Tunanin yana da daɗin ji, amma harshe ne ke jin ɗaci, jini bai san da shi ba. Kwinin ya fi shuwaka ɗaci, kuma ba wanda ke rubuta shi don ciwon suga.

Zalunci ne a ce jahilci ne ke kai mutane can. Ciwon ya yi yawa, maganin asibiti kuma ya yi tsada. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke ɗauke da shi a Afirka, fiye da rabinsu ba su ma sani ba, ta kuma ba Nijeriya miliyan 3.6. Binciken da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya kai adadin Nijeriya sama da miliyan 11. Tazarar da ke tsakanin ƙiyasin biyu ta isa ta nuna yadda gwaji ya yi ƙaranci. Daga 2023, da darajar naira ta faɗi, kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka daina harkarsu kai tsaye a Nijeriya, farashin insulin da tsinken gwajin suga ya tashi ya bar albashi a baya. Dattijon da ke jiran fansho, aka ce masa zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa, sannan wani ya tare shi da robar jiƙo mai araha da alkawarin rabuwa da ciwon cikin sati shida, ba ya buƙatar dogon tunani. Lissafin aljihunsa daidai ne. Alkawarin ne ƙarya.

To me aka sani game da waɗannan itatuwa? Abin da aka sani a kan ɓera yana da yawa. Sassan kimiyyar harhaɗa magunguna da na sinadaran jiki a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri sun tara kundaye masu ɗimbin yawa da suka bi hanya ɗaya: a yi wa ɓeraye allurar alloxan ta lalata musu gaɓar da ke samar da insulin, a ɗura musu ruwan ganye na sati biyu ko uku, a auna jini, suga ya sauka, ɗalibi ya karɓi digirinsa. Aikin ba banza ba ne, shi ne matakin farko. Matsalar ita ce kusan kullum a nan ake tsayawa. Ɓeran da aka sa wa ciwo da guba dare ɗaya bai yi kama da magidanci ɗan shekara hamsin da biyar ba, mai ƙiba da hawan jini, wanda ciwon ya shekara goma yana cin jijiyoyinsa.

Inda aka gwada a kan mutane, sakamakon bai kai kururuwar ba. Cibiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba ɗan uwan garafuni na Asiya a 2012. Gwaji huɗu kawai ta samu da suka cika sharuɗɗanta, da mutum 479, ta ce hujjar ba ta isa a ba da shawarar shan sa ba. A wannan shekarar ta duba kirfa, gwaji goma da mutum 577, ta ƙare a kan irin wannan hukuncin. Kirfar da ta fi yawa a kasuwa ma tana ɗauke da sinadarin coumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Hulba ta ɗan fi su tsayawa da ƙafarta. Tana da yauƙi da harza da ke jinkirta shigar suga cikin jini bayan cin abinci, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna raguwa mai ɗan dama. Zogale abinci ne mai albarka, kuma kwaɗonsa ya fi farantin farar shinkafa alheri ga mai suga, ko da don ya cika ciki da ganye a maimakon sitaci. Amma babu babban gwaji a kan mutane da ya nuna zai iya tsayawa a madadin metformin, balle insulin.

Labarai biyu daga Jamaika sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko na wata fulawa ce 'yar asalin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, irin wadda ake shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi. Mutanen Jamaika suna shan shayin ganyenta don ciwon suga. Cikin shekarun 1950 aka aika ganyen Kanada, Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a kan dabbobi. Sukarin dabbobin bai sauka yadda aka zata ba, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka rushe. Daga nan aka samo vinblastine, bayansa vincristine, wanda har gobe ake yi wa yara masu sankarar jini da sankarar muƙamuƙi allurarsa a asibitocin koyarwa na Nijeriya. Fulawar tana da magani mai ƙarfi ƙwarai, sai dai na wani ciwo ne daban da wanda masu shan ta suke nema.

Na biyu ya fi kusa da gida, domin itacen na Afirka ta Yamma ne, daga nan aka kai shi Jamaika. Yarabawa na ce masa ishin, Hausawa gwanja-kusa. Ɗanyen 'ya'yansa da bai buɗe da kansa ba yana sauke suga fiye da duk wani jiƙo da ake talla, har ya kai mutum kabari. Sinadarin da ke ciki yana toshe hanyar da hanta ke ƙera suga idan ciki ba abinci. A 1998 yara 29 suka mutu a kudu maso yammacin Burkina Faso, bincike ya danganta mutuwar da cin ɗanyen 'ya'yan itacen. Don haka idan mai magani ya ce a gwada a gani, suga zai faɗi, yana iya kasancewa gaskiya ya faɗa. Faɗuwar suga ita kaɗai ba waraka ba ce. Abin tambaya shi ne ta wace hanya ya faɗi, kuma ina zai tsaya.

Ba kuma a gama da itatuwa ba. Sababbin magungunan da likitocin zuciya da na ƙoda ke yabawa a yau, su dapagliflozin da empagliflozin, asalinsu ɓawon itacen tuffa ne. A 1835 aka ciro sinadarin phlorizin daga cikinsa, a 1886 wani likitan Jamus, Josef von Mering, ya lura yana sa suga fita ta fitsari. Shi ma bai shawu yadda yake ba, hanji na lalata shi, yana kuma kawo gudawa. Sai da aka sake masa fasali, Turai ta amince da na farko a 2012. Babu abin da ya hana wani sassaƙe na dajin Falgore ko na Yankari ya zama irin wannan. Mai cewa babu komai a itatuwanmu bai fi mai lasifika hujja ba.

Babban haɗarin da ke gaban mutane yanzu ya kasu uku, kuma mafi muni shi ne na yara. Ciwon suga nau'i biyu ne manya. A nau'in da ya fi kama yara da matasa, jiki ya daina yin insulin ɗungurungum. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Toronto, wannan ciwo hukuncin kisa ne, duk da cewa kowace al'umma a duniya tana da ganyayenta da saiwoyinta. Babu tsiron da ke maye gurbin insulin. Yaron da aka ɗauke wa allura aka koma jiƙo, cikin kwanaki kaɗan zai fara amai da numfashi sama-sama, ya suma, kuma sau da yawa a gida za a ce iska ce ko sammu. Duk mai maganin da ya ce wa uwa ta ajiye allurar ɗanta ya ɗauki alhakin rai, kuma ya kamata hukuma ta ɗauke shi a haka.

Na biyu shi ne algus. A ƙasashe da dama an kama garin magani da ake cewa zallar ganye ne, ashe an daka ƙwayoyin asibiti an zuba. A farkon 2009 mutum biyu suka mutu a yankin Xinjiang na ƙasar Sin bayan shan wani maganin suga na jabu da aka samu maganin suga na asibiti mai suna glibenclamide a ciki ninki shida na ƙa'ida. Likitocin Hong Kong sun samu har da phenformin, wanda aka kora daga kasuwa tun tuni, a cikin irin waɗannan kayan. A 2013 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni 15 takardar gargaɗi kan sayar da maganin suga ba bisa ƙa'ida ba. Garin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, idan ya yi aiki nan take kamar yankan wuƙa, saurin nasa abin tuhuma ne.

Na uku shi ne shirun ciwon. Mai suga na iya jin garau alhali jininsa na cin idonsa da ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa a hankali. Ya sha jiƙo wata uku, fitsarin dare ya ɗan ragu, wataƙila don ya bar lemon kwalba da shayi mai suga a daidai lokacin, sai ya ba da shaida a rediyo cewa ya warke. Shaidar da zuciya ɗaya ya ba da ita. Ba a dawowa da shi gidan rediyon bayan shekara huɗu, ranar da gyambon ƙafa ya ƙi warkewa ko aka rubuta masa wankin ƙoda. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Shi ne alƙalin da ba ya karɓar shaidar baka, kuma da wuya a ji mai talla ya ambace shi.

Masu talla sun fi son ambaton lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya. Ya kamata a san me lambar ke nufi. Yawancin magungunan gargajiya lambar da ta ƙare da harafin L ake ba su, ma'anarta an duba ba a ga guba a fili ba. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar maganin yana warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalba, shi ya sa ake tilasta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya ma ta hana tallata wa jama'a maganin wasu cututtuka, ciwon suga na cikinsu. Wanda ya kunna rediyo da dare ya san inda dokar ta kwana. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin irin wannan talla suna da rabonsu na alhaki.

Hanyar da ta dace ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, a lokacin da take ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace guda, ta ƙulla yarjejeniya da shi kan haƙƙinsa, ta daidaita awo, ta gwada a kan masu ciwon sikila, aka samu Niprisan. Daga baya harkar kasuwancinsa ta yi tuntuɓe, maganin ya ɓace daga kantuna na tsawon shekaru, amma an nuna cewa ana iya ɗaukar ilmin mai ganye a kai shi ɗakin gwaji ba tare da an wulaƙanta shi ko an sace masa ba. A Mali, sashen maganin gargajiya na gwamnati ya haɗa Diabétisane daga itacen danya, wanda ke tsaye a gonakin Katsina da Maraɗi. Gana na da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong tun 1975, jami'ar Kumasi na ba da digiri a fannin, kuma akwai asibitocin gwamnati da ke da sashen maganin ganye a cikinsu, inda ake auna mara lafiya kafin a ba shi da bayan ya sha.

Abin da Arewa ke buƙata bai fi ƙarfinta ba. A zaɓi tsiro biyu ko uku da aka fi sha, a ce hulba da zogale da shuwaka, a daidaita yadda ake shuka su da busar da su da auna su, domin ganyen damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba. A samu mutum ɗari uku ko huɗu masu nau'in ciwon na manya a asibitocin Aminu Kano da Shika da Sakkwato, kowa ya ci gaba da metformin ɗinsa, rabi a ƙara musu tsiron, rabi a ba su abin da ya yi kama da shi, a bi su wata shida ana duba HbA1c da hanta da ƙoda. Kuɗin da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke rabawa don bincike zai ɗauki wannan idan aka daina yayyafa shi a kan ɓeraye. In tsiron ya yi aiki, an samu ƙarin magani mai araha da manomi zai noma. In bai yi ba, an huta da ɓarnar kuɗi. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su ne ya kamata su fara neman a yi hakan, domin mai gaskiya a cikinsu ne ke asara idan aka haɗa shi da ɗan damfara.

Kalmar warkewa ma tana da gurbi, amma ba a kwalba take ba. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a ƙarshen 2017, ya nuna kusan rabin masu nau'in ciwon na manya da suka bi tsarin rage ƙiba mai tsanani sun koma suga daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda. Masu binciken sun kira shi lafawa, domin ciwon kan dawo idan ƙiba ta dawo. Ga mai cin tuwon shinkafa da dare ya kwanta, mai shan shayi da cokali huɗu na suga, wannan labari ya fi kowane sassaƙe amfani, sai dai ba shi da mai tallata shi.

Likitoci ma akwai gyara a wajensu. Da yawan marasa lafiya suna haɗa ƙwaya da jiƙo, kuma ba sa faɗa, saboda sun san tsawa za su sha. Likitan da ya tambaya cikin mutunci, Baba me ake sha a gida bayan wannan, zai ji abin da zai taimake shi ya daidaita awo. Wannan ya fi muhimmanci ga masu shan glibenclamide ko masu allurar insulin, musamman da azumi, domin hulba ko garafuni a kan waɗannan na iya jan suga ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Alamominsa rawar jiki ne da gumi mai sanyi da bugun ƙirji da ruɗewa. Wanda ya ji haka, in yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan suga ko dabino nan take ko da rana ta kusa faɗuwa, in kuma ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti tare da robar abin da yake sha.